Garwashi a Gidan Burodi

Ranar Litinin da hantsi tanderun gidan burodin Alhaji Awwal da ke unguwar Liman Abaji ya huce, abin da bai taɓa faruwa ba ko ranar Sallah. Ma'aikata talatin da biyu na zaune a tsakar gida, kowa da wayarsa a hannu.

Vera, mai sa burodi a leda, ita ta buɗe musu zauren WhatsApp wata uku da suka wuce. Kukansu guda ne: ana kulle su ta waje wai don kada a saci burodi, zafi kuwa har sumar da mutane yake yi. Saboda tsoro kowa ya shiga da sunan ƙarya, ga shi masu aikin safe ba su san na yamma ba. Don kada ɗan leƙen asiri ya kutso, Vera ta kafa doka: duk sabon shiga sai ya kawo wani asirin Alhaji.

Yawancinsu gulma suka kawo. Wani mai kiran kansa Garwashi kuwa hoto ya turo: fankoki shida sababbi fil a sito, waɗanda ba a fito da su sai ranar da masu duba tsabta za su zo. Haggai direba ya ɗora hoton a Facebook. Kafin la'asar 'yan jami'a sun fara tambayar masu shayi burodin wane gida suke yankawa.

Daga ranar Garwashi ya zama gwarzo. Ba ya turo murya kamar kowa, rubutu kawai, aka ce taka-tsantsan ne. Yana yawan tambayar wa ya faɗi kaza, aka ce jagora ne mai son sanin mutanensa. In an yabe shi sai ya ƙara wuta. Ranar da ya rubuta cewa rowar Alhaji ta kai ya auna iskar da ma'aikata ke shaƙa, an yini ana tura masa alamar tafi. Vera takan karanta saƙonninsa sau biyu.

Shi ne ya rubuta ranar Juma'a: "A taƙaice dai, wa ke da zuciyar ajiye aiki ran Litinin? Ya rubuta sunansa na gaskiya." Sunaye talatin da biyu suka sauka a zaure mai mutum talatin da uku. Ba wanda ya nemi na jagora.

Yanzu ga Alhaji ya fito daga ofis da takarda a hannu, idonsa jawur.

"Mutum biyar na zaci zan kora," in ji shi. "A taƙaice dai, ba zan iya korar gida duka ba. Amma ke Vera, ke kika buɗe zauren nan. Tuɓe rigar aiki ki ajiye."

Da aikin nan Vera take riƙe 'ya'yanta biyu.

"Haba Oga," in ji Haggai, "ai ba ita ce shugaba ba."

"To wane ne? In namiji ne ya fito mana!"

Vera ta bi fuskokin abokan aikinta ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya motsa. Amma ta tabbata mutumin da ya tsayar da su duka ba zai bari ta faɗi ita kaɗai ba.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "bari ya gaya maka da bakinsa."

Ta danna kiran Garwashi, ta ɗaga wayar sama don kowa ya ji.

Sai wata waya ta kama ruri a aljihun babbar rigar Alhaji.