Tabaryar Inna

Ranar gayya a gonar Baba a Darki, Inna tana da tsohon ciki, sai aka bar mini dakan furar manoma. La'asar ta kusa, an riga an aiko daga gona ana tambaya, ga muryar ƙawayena suna gaɗa a waje. Na riƙa danna tabarya da dukkan ƙarfina, gero yana tsalle yana zubewa, tafin hannuna yana zafi. 

Inna ta taso da ƙyar, hannunta yana ƙamshin citta da kanumfari.

"Ke, faɗa kike yi da turmin? Ɗaga ta sama sosai, ki bar ta ta sauko da kanta."

"Inna, ai ba zai daku ba."

"Ƙarfin da kika ɗaga ta da shi bai tafi ko'ina ba. Yana jikinta, shi zai dawo ƙasa."

Na ɗaga har bisa kaina, na sassauta yatsu. Tabarya ta faɗo tim, na ji turmi ya amsa har cikin ƙafafuna. Fura ta isa gona kafin mutane su watse.

Yanzu ni ke koyar da wannan a ajin kimiyya a Wudil: ƙarfin da ke ajiye a abin da aka ɗaga, motsi yake komawa idan ya faɗo. Yara suna ganewa. Ni kuwa har yau, idan abu ya ƙi mini, dannawa nake yi, kuma Inna ba ta nan balle ta hana ni.