Ranar da Kawu Ya Zo Ɗaukata

Inna tana suyar gyaɗa a tsakar gidanmu na Chikaji ranar da Kawu, yayanta, ya zo daga Samaru. Tun rasuwar Baba riƙonmu ya yi mata nauyi, shi ne ya ce zai ɗauke ni in yi makaranta a wurinsa. Yana zaure yana jira.

Ta kira ni, na tsuguna kusa da murhu. Idonta na kan kasko ta ce, "Kawunka zai tafi da kai. Faɗa mini gaskiya, so kake yi, ko kuwa yarda kawai ka yi don na ce?"

Ni kuwa hankalina yana kan babur ɗin Kawu da talabijin ɗin falonsa. Na ce, "Wallahi so nake yi, Inna! Yanzu za mu tafi?"

Ta daina juya gyaɗar. Can ta ce, "To, madalla. Jeka ka ɗauko takalminka."

Ina ɗaki na ji Kawu ya ɗaga murya: "Ke, ba gyaɗarki ce ke ƙauri ba?"

Sai da na girma na gane cewa kowace amsa na bayar, tafiya zan yi. Ita dai ta so ta ji cewa rabuwa da ita ba da son raina ba ne. Allah Ya yafe mini. Ta yi shekaru tana zuwa Samaru duba ni, amma har ta rasu ba ta sake tambayata abin da nake so ba.