Gardamar Fim a Tashar Maradun

Shekarar da ruwan madatsar Bakolori ya shanye gonarmu, wata la'asar Baba ya saɓo ƙanwata Hassi muka nufi tasha, jikinta zafi kamar garwashi. Direbobi na gindin itacen bedi suna gardamar fim ɗin yaƙin da suka kallo a Gusau.

"An tara manyan jarumai, an kashe su a banza!" in ji ɗaya.

"Ai nan daɗin yake," wani ya ce.

Baba ya durƙusa gabansu. "Bayin Allah, ɗiyata za ta mutu. Ku kai mu asibitin Mafara."

Wanda ya kushe fim ɗin ne ya miƙe, ya ɗauke mu a motarsa. Muna shiga garin Hassi ta cika. Har na tsufa, muryar Baba ba ta bar kunnena ba.