Takardar Yaya a Akwatin Ƙorafi

Ranar da aka buɗe shafin intanet na hukumar ɗaukar ma'aikatan lafiya, babu wanda ya kai Yaya fariya. Ƙanenta ne ya tsara shi, wanda duk gidan ake kira Injiniya. Ta nuna wa maƙwabta, ta nuna wa mai kanti, har direban bas sai da ya gani.

"Ni na goya shi," take cewa. "Yau ga hukuma guda tana tafiya a kan aikin hannunsa."

Shafin kuwa ya yi kyau, ba ƙarya. Sai dai Injiniya ya jera hanyoyinsa ne yadda ofisoshin hukumar suke jere a bene: Gudanarwa, Tsare-tsare, Sashe na Ɗaya, Sashe na Biyu. Ma'aikata suka yi ta yabo, don kowa ya ga sunan ofishinsa. Fom ɗin neman aiki kuma yana can ƙuryar Tsare-tsare, sai an latsa sau biyar. Abokiyar aikinsa ta ce a ba mutanen waje su gwada tukuna. Ya ce mai ilimi ba ya ɓata.

Yaya na son samun aiki a hukumar nan kamar ranta. Shekara tara tana karɓar haihuwa a asibitin unguwa a matsayin 'yar sa-kai, kuma bana ce damarta ta ƙarshe kafin ta wuce shekarun ɗauka. Ta zauna a tsakar gida da wayarta, ta shiga nan, ta fita can. Ta kira shi? Ina! Da wane baki za ta ce ta ɓata a shafin da ta cika gari da labarinsa? Da ta ga wurin da aka rubuta "Aiko da Saƙo", sai ta zuba bayananta duka ta tura. Shafin ya ce an karɓa, an gode.

Sunaye suka fito, babu nata.

Da Injiniya ya bincika, ya tarar da takardarta a akwatin ƙorafi, tare da na mutum sama da ɗari uku. Ya je ya durƙusa gabanta.

"Yaya, me ya hana ki tambaye ni?"

"Ni ina da kai," in ji ta. "Sauran ɗari ukun fa, wa za su tambaya?"

A nan ne ya nuna ɗan halak ne. Ya tsaya gaban shugabanni ya ce laifinsa ne, ya rushe tsarin, ya sa "Nemi Aiki" ɓaro-ɓaro a shafin farko. Bai sake shi ga jama'a ba sai da mai gadi da mai shara suka gano fom ɗin da kansu, shi yana gefe bakinsa a rufe. Shekarar da ta biyo baya babu wanda ya ɓata. Amma Yaya ta riga ta wuce shekarun, aikin ya kuɓuce mata har abada.

Jama'a, duk mai tsara shafi ya tsara shi don baƙon da bai san gidan ba. Ka ba shi ya gwada, ka yi shiru ka ga inda zai tsaya.