Jar Fitilar Asabe

Tun da aka kafa dokar farin ƙwan lantarki ɗaya tak a kowane ɗaki, gidajen unguwar suka koma kamar asibiti. Wanda ya ƙara wata fitila, a rufe masa gida. Amma Tanko tela bai daina kunna waɗanda marigayiya matarsa Asabe ta jera ba, rawaya a bayan tulu, ƙaramar ja a ƙarƙashin kwanukanta.

Da hantsi mai duba fitilu ta yi sallama, Kuluwa ce, 'yar maƙwabcinsa.

"Baba, waɗannan fa?"

"Ado ne kawai, 'yata. Rabonsu da wuta tun rasuwar gwaggonki."

Ta taɓa jar, ta janye hannu da sauri. Farin ƙwan da ke sama ya ƙara haske, yana sauraro.

"Sanyi ƙalau," ta faɗa wa farin ƙwan, tana ɓoye yatsanta cikin mayafi.