Yaron da Ba Ya Kai Asuba

Unguwarzomar layinmu ce ta fara ba ni labarin nan, kuma ita ba ta ƙara wa magana gishiri.

Wata tela ce ta yi haihuwar fari, namiji. Da rana yaro sumul, sai dariya da wasa da ƙafa. Amma dare na rabawa sai ya tsandara ihu kamar an tsoma shi a ruwan zafi.

Ba abin da ba ta gwada ba. Ta ba shi nono ya ƙoshi, ta ɗora shi a kafaɗa har ya yi gyatsa. Ta canza zanen gado, ta rage masa kaya, ta ƙara masa kaya, ta rage fitila. A asibiti aka duba kunne, aka latsa ciki, aka ce lafiyarsa lau. Ta dawo gida da lafiyar, barci kuwa babu.

Allah ya taimake ta da uwar miji. Tsohuwar ta haifa da yawa, duk sun rasu tun suna jarirai, mijin telar kaɗai ya tsaya mata, shi ya sa take ji da jikan nan kamar ƙwai. Kafin telar ta lalubo ɗankwalinta, tsohuwa na tsaye bakin gadon yaro ta sungume shi.

"Kai, maigidana, wannan murya haka? Alhamdu lillahi. Koma ki kwanta, 'yar nan, ni da mijina ne."

Ina kwanciya? Idon telar ya faɗa. Ran nan gyangyaɗi ya kwashe ta a kan keken ɗinki, allura ta shige mata yatsa. Maƙwabta suka ce ai nononta ne ba kyau, ta yaye shi kawai. Yaron da ko zama bai fara ba! Ta shiga banɗaki ta sha kukanta, ta fito ta ce wa mijin gobe za ta cire shi daga nono.

Daren nan baƙin ciki ya hana ta runtsawa. Tana kwance fuskarta na kallon gadon yaro, yana ta barcinsa shiru, shiru ƙwarai, har ba ka jin fitar numfashi. Tana nan a haka har ihun ya tashi, ta kuwa ga abin da ya tashe shi da idonta. Wannan karon ba ta nemi ɗankwali ba. Ta danne bakinta da matashi, hawaye na bin kunnenta.

Da gari ya waye ta zauna ta ba ɗanta nono har ya saki da kansa. Sannan ta ja gadonsa kiii, ta kai ɗakin tsohuwa, ta manna shi da nata, ta durƙusa.

"Inna, daga yau ki riƙa ɗora hannunki a ƙirjinsa, za ki ji yana numfashi. Ba sai kin mintsine shi ya yi kuka ba kafin ki yarda yana da rai."