Bismillar Uwani

Tun da aka kafa dokar sa wa kowace tarakta akwatin da ke kai wa hukuma rahoton gona, Barau bai sha wahala irin ta bana ba. Kullum da safe sai ya tarar batir ya mutu murus, ga ruwa ya sauka, mutane na jiran huɗa.

Suna tsugune da Sallau bakanike a gindin ɗorawar da yake ajiye taraktar, sai Uwani mai tuwo ta miƙa wa wani kwano a rumfarta, ta ce, "Bismillah."

Nan take fitilar akwatin ta kawo.

"Tsaya!" in ji Sallau. "Da wace kalma kake tada shi?"

"Da bismillah mana, kamar kowa."

"To batirinka lafiya lau. Uwani ce ke tada akwatin wuni guda, shi kuma ya yi ta saurare yana shan batir. Sauya wa taraktar wurin kwana."

Barau ya yi hamdala har da dariya. Suka jona batirin Sallau, tarakta ta tashi.

Zai ja ke nan, ya ji Uwani tana tambaya: "Malam Sallau, hirar da ake yi a rumfata fa, wa akwatin ya kai wa?"